Bishiyar arokariya a falo: A san sunanta, a san awonta

 Yau za mu ɗan bar kantar magani mu shiga falo, mu duba wata baƙuwa da ta fara yawa a gidajenmu na birni. Duk mai bin manyan titunan Legas, Abuja, Ibadan ko Fatakwal ya san masu sayar da fulawa da ke jera tukwane a bakin hanya. A cikin hajarsu akwai wata 'yar bishiya koriya shar, mai rassa hawa-hawa, faɗi a ƙasa tsini a sama. Wasu na kiranta bishiyar Kirsimeti saboda siffarta, wasu kuma su ce arokariya. Wanda ya tashi a gida mai tsakar gida da inuwar darbejiya, yau ya tsinci kansa a hawa na uku na gidan haya, ba laifinsa ba ne in ransa ya biya da ita.

Wani zai ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da bishiya? Abu biyu. Na farko, abin da ya fi kashe shukar ɗaki shi ne abin da nake yaƙi da shi kullum a wurin aiki, wato tunanin cewa in kaɗan ya yi amfani to da yawa zai fi. Na biyu, tukunyar shuka ba ta shigowa gida ita kaɗai. Takan jawo maganin ƙwari, da taki, da ruwan da ke kwanciya a faranti, kuma duk waɗannan sun shafi lafiyar yara da masu juna biyu da masu asma. Ƙa'idar da muke bi a kan magani ita za mu bi a nan: a san sunan abu, a san awonsa, a ajiye shi inda ya dace.

A fara da suna

Ba ma ba mutum ƙwaya don kawai launinta ya yi kama da wadda ya saba sha. Haka ya kamata a yi wajen sayen shuka. Dangin wannan bishiya sun haura nau'i 600 a duniya. Ba sa yin fure irin wanda muka sani, galibinsu irinsu yana fitowa ne cikin wani kwanso mai ɓawo-ɓawo kamar ƙaramar abarba, kuma mafi yawansu ba sa kaɗe ganye rani da damina. Ganyen wasu kamar allura yake, na wasu kuma kamar ɓawon kifi.

Kaɗan ne daga cikinsu ke iya zaman ɗaki. Bishiyar fayin da ake gani a dajin Ngwo kusa da Inugu ko a kewayen Jos 'yar fili ce, tana son rana tun safe har yamma. Haka ma tuja, mai ganye shimfiɗaɗɗe kamar mafici, wadda ake yawan shukawa a harabar ofisoshi da makarantu. In aka sa ta a falo za ta yi 'yan makonni kamar lafiya lau, daga nan ta fara bushewa daga ciki. Wadda ta fi jure ɗaki ita ce arokariya, wadda masana suka raɗa wa Araucaria heterophylla. Ana gane ta da gangar jiki miƙaƙƙiya, da rassa masu fitowa a zagaye daga wuri ɗaya, kamar biyar-biyar, hawa bayan hawa, da gajeren ganye mai laushi wanda ba ya sokar hannu in an shafa.

Sanin sunan ya wuce maganar ado, domin a cikin waɗanda ake jerawa tare da ita akwai masu guba. Akwai Podocarpus, mai dogon ganye siriri, wadda irinta ke sa amai da gudawa in an tauna. Man da ke ganyen wasu nau'o'in tuja yana ɗauke da sinadarin tujon, wanda in ya yi yawa a jiki yake kawo jijjiga. Akwai kuma Cycas, mai kama da gajeren dabino. Ita ba 'yar wannan dangi ba ce amma a gefensu ake sayar da ita, kuma tun daga saiwa har ganye tana da gubar da ke lalata hanta, musamman irinta ja mai kama da kwakwar manja, wanda yaro zai gani ya ɗauka abin ci ne. Gidan da ke da ƙananan yara ya yi nesa da ita.

A ƙasashen sanyi akwai wata 'yar dangin mai suna Taxus, wadda gubar ganyenta ke tsayar da zuciya. Amma daga ɓawon wani nau'inta da ke arewa maso yammacin Amurka aka samo maganin paklitaksel, wanda hukumomin can suka amince da shi a 1992, kuma har yau ake ba masu sankarar mama da ta ƙwan mahaifa a asibiti. Bishiya ɗaya, guba da magani, bambancin yana wajen tacewa da awo. Saboda haka kada ƙamshin ganyen waɗannan bishiyoyi ya sa a dafa shi don sha, ko sirace, ko wankan jego. Ita arokariya ba ta cikin masu guba mai kisa, amma tauna ganyenta na iya ɓata ciki, ƙaron da ke fita a jikinta kuma yana sa wasu ƙaiƙayi.

Inda ta fito

Asalin arokariya wani ɗan tsibiri ne mai suna Nofok a tekun Pasifik, kimanin kilomita 1,400 gabas da Ostireliya. Matuƙin jirgin ruwan Ingila, Kyaftin James Cook, ya ga tsibirin a 1774, ya yi zaton dogayen bishiyoyinsa za su yi kyau wajen yin turakun jiragen ruwa, sai daga baya aka ga katakon bai dace da hakan ba. A can bishiyar takan kai mita 60, har hotonta ne a tutar tsibirin. Wato wadda ke tukunyarku jaririya ce.

Wannan tarihi shi ne takardar bayanin da ke cikin kwalin magani. Tsibirin yana da haske sosai, iskarsa mai laima ce daga teku, zafinsa ba kasafai yake wuce digiri 28 ba, ruwan sama kuma yana sauka ya gangare ba ya kwanciya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa ƙoƙari ne na kwaikwayon wannan yanayi a cikin falo.

Haske

Yawancin shawarwarin da ake gani a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta wa kansu, shi ya sa suke cewa a ajiye shuka a tagar kudu. Mu Najeriya muna kusa da tsakiyar duniya, rana kusan ta saman kanmu take bi, sai a watannin hunturu ne take ɗan karkata kudu. Abin da ya fi mana shi ne tagar gabas, mai samun ranar safe mai sanyi. Tagar yamma ma za ta yi, amma a sa labule mai shara-shara saboda zafin ranar la'asar yana ƙona bakin ganye.

A ajiye ta kusa da tagar, kada tazarar ta wuce mita ɗaya. Idonmu yana ruɗinmu a kan haske, kusurwar da muke gani tarwai a wurin bishiya duhu ce. Ga gwaji mai sauƙi: da hantsi a kashe fitila, a ɗaga hannu a inda ake son ajiye tukunyar. In inuwar hannun ta fito sosai a bango ko a ƙasa, wurin ya yi. In da ƙyar ake ganinta, a sake wuri. Gidajen da ke da gilashi mai duhu, ko waɗanda ginin maƙwabta ya tokare musu taga kamar yadda yake a unguwanni da yawa na Legas, baranda ta fi musu.

Kowane mako a juya tukunyar kwata, domin bishiyar tana bin haske, in ba a juya ta sai ta karkace. Alamar ƙarancin haske ita ce rassa su langaɓe, tazarar da ke tsakanin hawa da hawa ta yi tsawo, na ƙasa su fara zuba. A lura da kyau, reshen da ya zuba ba ya sake fitowa a gurbinsa. Kada kuma a datse mata kai don ta yi gajarta, daga wannan tsinin take girma, in aka yanke shi siffarta ta ɓaci ke nan. Wadda ta daɗe a ɗaki in za a fitar da ita waje, a fara da inuwa na mako ɗaya ko biyu kafin ta ga rana kai tsaye.

Ruwa, inda aka fi wuce gona da iri

Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ramuka masu riƙe iska, in ruwa ya cika su kwana da kwanaki sai saiwar ta shaƙe, ƙwayoyin cuta masu son danshi su kama ta, ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa, don haka sai bishiyar ta nuna alamar ƙishi alhali tana tsaye cikin ruwa. Uwargida ta ga ganye ya yi yaushi sai ta ƙara ruwa, daidai da maras lafiyar da magani ya yi wa yawa, ya ji jiri, ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru ya ninka ƙwaya.

Kada a yi wa ban ruwa ranar mako. A tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In an ji danshi a bari, in an ji ta bushe a zuba ruwa a hankali har sai ya fito ta ƙasan tukunya. Bayan minti 20 a zubar da wanda ya taru a faranti. A Legas ko Fatakwal da damina ƙasar na iya kai kwana goma ba ta bushe ba, a Abuja da hunturu kuwa kwana uku ko huɗu sun isa. Yatsa ne zai raba gardama. Kada kuma a bar ta ta bushe ƙayau, don ita ba kamar kaktus ba ce mai ajiye ruwa a jiki.

A gida mai mutane da yawa a ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki. In maigida ya zuba da safe, uwargida ta zuba da rana, 'yar aiki ta juye sauran ruwan mopa da yamma, kowa yana ganin alheri ya yi, bishiya ce za ta biya. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, irin na wasu unguwannin bakin teku, yana tara farin gishiri a saman ƙasa da bakin tukunya. In an ga haka a fitar da ita waje a kwarara mata ruwa mai kyau da yawa ya wanke ta ƙasa. Ruwan wanke-wanke da na wanki ba nata ba ne.

Wani halin wannan dangi shi ne jinkirin nuna ciwo. Ganye na iya zama kore makonni bayan saiwa ta lalace, kamar mai hawan jini da ke yawonsa bai san abin da ke ciki ba. Don haka a riƙa shafa ganyen. Lafiyayye yana da laushi da sheƙi. In ya fara ƙarfi, launinsa ya dushe, yana kakkaryewa a hannu, a duba ƙasa da saiwa tun kafin ya koma ruwan ƙasa.

Tukunya, ƙasa da taki

Tukunyar da ba ta da huda a ƙasa ba ta shuka ba ce, komai kyanta. In an sayi ta ado, a bar bishiyar a tata mai huda a zura a ciki, a riƙa ciro ta lokacin ban ruwa. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, domin tana tsotse danshi ta jikinta, ga nauyi da zai hana yaro mai koyon tsayuwa janyo ta kansa. Masu sayarwa sukan cika leda da jar ƙasa mai danƙo wadda ke daskarewa kamar bulo. Haɗin da ya fi shi ne kashi biyu na baƙar ƙasa mai laushi, kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na takin gargajiya da ya ruɓe sarai, a ɗan barbaɗa dakakken gawayi ko ɓuntun shinkafa don iska ta samu hanya.

Ba ta son a yi ta taɓa saiwarta. Sauya tukunya sau ɗaya a shekara biyu zuwa uku ya isa, kuma sabuwar ta ɗara tsohuwar da faɗin yatsu biyu ko uku kawai. Ƙatuwar tukunya tana riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba.

Taki kuwa kaɗan take so. Rabin cokalin shayi na takin zamani 15-15-15, a jiƙa a lita huɗu na ruwa ya kwana, a zuba mata daidai ban ruwa ɗaya, sau ɗaya a wata lokacin da take fitar da sabon tsiro. A zuba shi a kan ƙasa mai danshi, don a busasshiya yana ƙona saiwa. Ɗanyen kashin kaji ba ya shiga falo, yana ƙona shuka, yana wari, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ragowar ruwan taki a zubar da shi, kada a ɗura a gorar lemo ko ta ruwan sha a ajiye.

Akwai wata al'ada da nake roƙo a daina, wato binne ƙwayoyin magani a tukunya, su farasitamol da asfirin da ƙwayar tazarar haihuwa da duk wanda wa'adinsa ya ƙare, wai suna sa shuka girma. Bishiya ba ta buƙatarsu, yaro mai tonon ƙasa kuwa zai iya tsintar su ya kai baki. Haka ragowar shayi da madara da ruwan shinkafa, abin da suke haifarwa shi ne fumfuna da ƙananan ƙudaje.

Hunturu, esi da turaren wuta

Mutanen kudu laima ta wadace su, sai dai na'urar sanyaya ɗaki tana tsotse ta. Kada a ajiye bishiyar inda iskar esi ko ta fanka ke dukanta kai tsaye. A Abuja, Ilori da Lakwaja hunturu yana busar da iska ƙwarai, bakin ganye ya fara ja. Tara tukwanen shuka wuri ɗaya yana ɗan taimakawa. Sau ɗaya a mako biyu a kai ta banɗaki ko baranda a watsa mata ruwa ya wanke ƙurar da ta toshe ganye. Mazauna Fatakwal, da baƙin hayaƙi ya addaba tun daga 2016, sun fi kowa buƙatar yin wannan wankin.

Kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da kyandir su yi nesa da ita. Zafinsu yana busar da rassan ƙasa, kuma busasshen ganyen wannan dangi yana da ƙaro mai saurin kama wuta. Reshen da ya bushe a cire shi da almakashi. Waɗanda ake sayarwa a Disamba wasu an fesa musu ƙyalƙyali ko koren fenti don su ɗauki ido, a shafa da farin ƙyalle kafin a saya.

Ƙwari da maganin feshi

Nan ne haɗarin ya fi girma. Ƙwari uku ne suka fi damun arokariya: wasu mitsi-mitsi masu saƙa yana kamar ta gizo-gizo a lokacin bushewar iska, da farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a gindin reshe, da wani mai ɓawo ruwan ƙasa da ke manne wa jikin bishiya. Babu ɗaya a cikinsu da ke buƙatar guba mai ƙarfi. A fara da wanke ta da ruwa mai ɗan ƙarfi. In ba su tafi ba, a zuba cokalin shayi ɗaya na sabulun ruwa maras ƙarfi a lita ɗaya na ruwa, a gwada a reshe ɗaya a jira kwana biyu, in bai ƙone ba a fesa wa sauran, a ɗauraye bayan awa ɗaya. A maimaita kowane mako har sau uku. Mai kama da auduga a goge shi da tsinken goge kunne da aka tsoma a sifirit. Man darbejiya ma yana aiki, amma a ɓoye kwalbar, domin jariri in ya sha yana iya shiga jijjiga da suma.

Abin da ba za a taɓa fesawa a cikin ɗaki ba shi ne fiya-fiya da ire-irensa masu sinadarin daikulobos, irin su Sniper. Na gona ne da rumbu, yana shiga jiki ta fata da numfashi da baki. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da manyan kantuna saboda yawan rayukan da ake rasawa. Yana toshe wani sinadari da ke kashe saƙon jijiya bayan ya gama aikinsa, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa. Alamunsa su ne dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, tsukewar ƙwayar ido, makyarkyatar tsoka da wahalar numfashi.

In haka ta faru a fitar da mutum iska, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Manja ba ya kashe guba, kuma in ya sarƙe yaro ya gangara huhu ya zama ciwo na biyu. Akwai allurar da ke karya wannan guba a asibiti, amma sai an kai da wuri. Haka za a yi in yaro ya tauna irin shukar da ba a san ta ba: a cire abin da ya rage a bakinsa, a wanke, a tsinko reshen a tafi da shi.

Sauro, mage da masu lalura

Za ku ga ana cewa a cika faranti da tsakuwa da ruwa a ɗora tukunya don a ƙara laima. Wannan shawara ba ta ƙasarmu ba ce. Sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin denge ruwa mai tsabta da ya kwanta a ƙananan mazubai yake so, da rana yake cizo, kuma daga ƙwai zuwa mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ƙwansa yana manne wa bangon faranti ya yi watanni a bushe yana jiran ruwa, don haka zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an goge da soso kowane mako. Shawara ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017, a 2020 kuma an gano wani baƙon sauron maleriya daga Asiya a jihar Gombe, wanda shi ma a mazuban ruwan birni yake hayayyafa.

In akwai mage a gida, takan mai da tukunya banɗakinta. Kashinta na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke illa ga ɗan tayi, saboda haka mai juna biyu ta bar wa wani aikin taɓa ƙasar, ko ta sa safar hannu ta wanke hannu da sabulu bayan ta gama. A rufe saman ƙasar da manyan duwatsu waɗanda ba za su shiga bakin yaro ba. Ƙananan tsakuwoyi masu launi shaƙe yara suke yi.

Ƙasa mai danshi kullum tana yin fumfuna, ƙurarta kuma tana tayar wa wasu asma da atishawa. In aka lura tari ko shesshekar wani ya ƙaru bayan shigowar shuka, a mai da ita baranda a ga ko za a samu sauƙi. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai, kamar mai karɓar maganin sankara ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, kada a ajiye tukunyar ƙasa a ɗakin kwanansa.

Shin tana tace iska?

Masu sayarwa suna yawan faɗin haka. Maganar ta samo asali ne daga wani gwaji da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar a 1989, inda aka rufe shuke-shuke cikin ƙananan akwatuna da iska ba ta shiga aka ga sun rage wasu sinadarai. Falo ba akwati ba ne. A 2019 masu bincike biyu na Jami'ar Drexel a Amurka suka sake auna sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ga sai an jera shuka 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska da fitarta ke yi a gini. Buɗe taga ya fi.

Na kawo wannan ne saboda kada wani ya sakankance. Babu bishiyar da za ta kare iyali daga hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, cikin barci take ɗauke mutane. Janareta ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Masu tsoron cewa shuka na shanye iskar ɗaki da dare kuma su kwantar da hankali, abin da take shaƙa bai kai na mutum ɗaya da ke kwance a ɗakin ba, ko kusa.

Amfaninta na gaskiya shi ne ido ya huta a kan kore a garin da ya cika da siminti, yaro kuma ya koyi kula da abu mai rai, ya san gwajin yatsa, ya ƙirga sabon hawan rassa da ya fito. In an riƙe ta da kyau za ta yi shekaru a falo tana girma a hankali har ta kusa silin. Ranar da ta kai nan, a nema mata fili nesa da gini da wayar lantarki a dasa, ko a ba wata makaranta mai harabar da za ta ɗauke ta.

Kafin ku miƙa kuɗi a bakin titi, ku tambayi sunanta, ku leƙa ƙasan tukunya ku ga huda, ku duba gindin rassa ko akwai ƙwari, sannan ku tuna tagar da za ta zauna. In babu tagar, a haƙura har a samu.